Mesar da Musbahu Ya Bari

Idan ka bar Kura ka miƙi hanyar Bunkure a tsakiyar rani, idonka ba zai yarda rani ba ne. Ruwa na tafiya cikin kanal a hankali, kamar wanda ba a jiran sa a ko'ina. Shinkafa kore shar hagu da dama, can gaba albasa da tumatir, belbela kuma na bin sawun masu ban ruwa tana tsintar abin da ruwa ya koro. Kafin ka shiga ƙauyenmu za ka hangi farin hayaƙi yana tashi daga bayan wata katangar bulo a bakin kanal. Ba gobara ba ce. Zuliha ce ta hura wuta.

An haife ta a shekarun da aka fara sako ruwa a wannan ƙasa, don haka ba ta san ranin da ake zaman banza ba. Sana'arta turara shinkafa, kuma tun tana amarya take yi. 'Yan kasuwa su kawo mata shanshera, wato shinkafar da ba a cire wa ƙaiƙayi ba, ta jiƙa, ta turara a manyan gangunan ƙarfe, ta baza a tamfol rana ta yi nata aikin, sannan a kai inji. Da tukunya ɗaya ta fara a tsakar gida. Da aikin ya cinye tsakar gidan, ta sayi wancan fili na bakin kanal, ta kewaye shi, ta gina ɗan ɗakin ajiya a kusurwa, ta ɗauki mata suna taya ta. Gajeruwa ce mai faɗin kafaɗa, hannuwanta duk tabon wuta. Tana iya juya ganga mai zafi ita kaɗai, tana iya tsayar da dillali mai dogon baki da kallo ɗaya. Amma idan tsaka ta faɗo daga rufin ɗaki, sai dai ka tarar da Zuliha a tsakar gida da takalmi ƙafa ɗaya. Duk abin da ke jan ciki ba ya cikin abokan hulɗarta.

Allah da ikonsa, sai ya haɗa ta da Musbahu.

Musbahu direban babbar mota ne, tumatir yake kaiwa Ikko. Dogo ne mai sanyin murya, bai taɓa dawowa daga tafiya hannu rabbana ba, sai dai ba kullum tsarabarsa ke shiga tukunya ba. Ya taɓa kawo aku wanda bai iya komai ba sai zagi da Yarbanci. Ya taɓa kawo kunkuru, ya zauna da su damina biyu sannan ya yi tafiyarsa ba sallama. Wata shekara kuma ya sauko daga mota da kwali a hammata, an huhhuda murfinsa. Wani mai sayar da dabbobi ne ya ba shi, bayan ya taimake shi da ɗauko kaya. Da Musbahu ya buɗe kwalin, sai ga jaririyar mesa, tsawonta bai fi kamu biyu ba.

Ba irin tamu ta bakin kogi ba ce. Mai ita ya ce asalinta can ƙasashen Asiya ne, bayan teku. Zanen jikinta kamar an jefa mata raga ta manne: baƙi ya kewaye ruwan zinariya, ruwan zinariya ya kewaye ruwan toka, idan rana ta taɓa ta kuma sai wani sheƙi ya bi ta kai kamar man da ya ɗiga a ruwa. Na ga abubuwa masu kyau a duniya, amma kaɗan ne daga cikinsu suka sa na yaba ina ja da baya.

Zuliha ba ta ga kyan ba, domin daga bayan ƙofa ta yi magana. Ta ce ba za ta taɓa ba, ba za ta ciyar ba, ba za ta share ba, kuma ranar da ta ga abin nan a hanyar ɗakinta, to ya neme ta a gidan ubanta. Musbahu ya amsa duka. Ya gina wa mesar ɗaki a ƙuryar gida, da ƙofar ƙarfe da tagar waya da kwamin siminti na ruwa. Har bututu ya zura ta jikin bango, yadda idan ya yi tafiya Zuliha za ta zuba ruwa daga waje ba tare da sun haɗa ido ba. Abinci kuwa ba damuwa, mesa ba kullum take ci ba. Ya ba ta kafin ya tafi, ya dawo ya tarar da ita kwance tana tunani. Da ɓeraye ta fara, ta koma gafiya, ta koma kaji.

Tun makon farko ya yanke hukuncin jinsinta. Ya birkice ta a kan cinyarsa, ya duba inda ciki ya ƙare wutsiya ta fara, ya ga wasu 'yan ƙumbuna biyu masu tsini, ɗaya ta kowane gefe. Musbahu da kiwon kaji ya tashi, don haka bai yi wata-wata ba. Ƙaimi ne, in ji shi, kuma kowa ya san mai ƙaimi tsakanin zakara da kaza. Ya raɗa masa suna Ɗan Ikko. Duk ƙauyen nan masu kiwon kaji ne, hujjar ta shige mu, kuma ko da ba ta shige mu ba, babu mai sha'awar matsowa ya duba da kansa.

Shekara tara Ɗan Ikko yana girma. Ya kai tsawon mutum uku a kwance, tsakiyarsa kamar cinyar ƙato. Idan ya yi saɓa, Musbahu ya fito da ita zaure ya miƙe a jikin bango, mu taru muna aunawa da taki muna musu. Kowace yamma da yake gida, bayan la'asar, sai ya ja benci bakin tagar ya zauna da rediyonsa, yana ba Ɗan Ikko labarin hanya: inda gada ta karye, inda tumatir ya faɗi, inda aka tare su. Zuliha ta ce ita ma a nan take tsintar labarin, domin in ta tambaye shi yaya hanya, "lafiya lau" kawai take samu.

Musbahu bai rasu a hanya ba, abin da ta yi shekaru tana tsoro. A kan gadonsa ya rasu, bayan 'yar gajeriyar jinya, kwanaki kaɗan da sallar layya ta shekarar waccan. Bai bar wasiyya kan mesa ba. Ina jin bai zaci zai riga ta ba.

Zuliha ta shiga takaba. Ta bar filin a hannun Ummukulsum, wadda ƙanwata ce, kuma daga bakinta na ji yawancin abin da ya faru a cikin gidan, domin ni iyakata zaure. Kwanakin gaisuwa suka wuce, gida ya yi shiru, sai wata safiya Zuliha ta tuna akwai bakin da ba a ba komai ba tun kafin jinya. Ta sa aka yanka kaza, ta tura ta da sanda ta 'yar kafar da ke ƙasan ƙofa, fuskarta na kallon wani wajen. Ta ci gaba da zuba ruwa a bututu. Sannu a hankali ta tsinci kanta a kan bencin nan bayan la'asar, ba don tana son abin da ke cikin ɗakin ba, sai don nan ne kaɗai a gidan take jin kamar mutumin tashi ya yi ya je alwala.

Ana haka Dattijo ya yi sallama. Yayan Musbahu ne, manomin albasa, katanga ɗaya ta raba gidajensu. Ba mugu ba ne. Yana da jikoki masu rarrafe da awaki masu tsallake katanga, kuma duk shekarun nan da kunne ɗaya a buɗe yake barci saboda kunyar ƙaninsa. Ya yi magana daga zaure, Zuliha na bayan labule.

"Zuliha, mai iya abin nan ya tafi. Ranar da kika fita takaba, shi ma zai fita daga gidan nan. In an samu mai ɗauka da ransa, alhamdu lillahi. In ba a samu ba, na yi magana da wani majemi a birni, ya ce yana son fatar."

Ta ce, "Na ji, Yaya." Amma Ummukulsum ta ce ranar ba ta taɓa tuwo ba. A zo a feɗe abin da mutumin ya yi shekaru yana wa hira, a yi jaka da shi, wata ta rataya ta tafi biki: wannan ne ya tsaya mata a wuya.

Kubra, babbar 'yarsu da ke aure a Madobi, ita ta samo mafita. Mijinta ya san wani Alhaji mai lambun dabbobi a wajen Kano, inda ake kai yara su ga jimina da barewa. Yana da irin wannan mesar guda biyu, duk mata, ya daɗe yana neman namiji ko Allah zai sa a samu ƙwai. Ya ce zai ɗauka da murna, ci da sha da magani duk nasa. Sharaɗinsa ɗaya: zai aiko likitan dabbobi a tabbatar namiji ne. Kowa ya yi ajiyar zuciya. Dattijo har cewa ya yi ba sai an ƙona mai ba, ai marigayi ya duba da idonsa.

Wata Laraba da hantsi, saura 'yan makonni takaba ta ƙare, sai ga likita. Mace ce, Dakta Fa'iza, siririya, da hijabi ruwan ƙasa da takalmin roba har gwiwa. Ta gai da Dattijo, ta shiga ta yi wa Zuliha ta'aziyya, sannan ta leƙa tagar waya. Ta ɗan jima tana kallo. Da ta dawo zaure ta ce ba a duba irin wannan daga nesa. Sai an fito da shi an miƙe shi, kuma tana bukatar mutum shida masu ƙarfi, domin mesa mai wannan girman ba a yi mata mutum ɗaya ko biyu.

Abokan Musbahu biyu direbobi, waɗanda a da suke taya shi riƙewa idan zai wanke ɗakin, suna zaune a zauren. Suka miƙe. Dattijo ya ɗaga hannu. Gidan takaba ne, in ji shi, namijin da ba muharrami ba ba zai taka tsakar gidan nan ba, ko direba ne ko matuƙin jirgi. Likita ta ce to shi fa, tunda gidan ƙaninsa ne? Dattijo ya bayyana, da fuskar mai wa'azi, cewa yayan miji ma ba muharrami ba ne, kowa ya je ya tambayi malamai. Gaskiya ya faɗa. Sai dai ban taɓa ganin mutumin da gaskiya ta yi wa daɗi kamar yadda ta yi wa Dattijo a ranar ba. Aka ce to a fito da mesar zaure, sai aka rasa mai fito da ita, tunda masu fitarwar su ne aka hana shiga.

Aka tsaya cirko-cirko. Likita ta fara duban agogo. Sai muryar Zuliha ta fito daga bayan labule, ta ce a je fili a ce wa Ummukulsum ta janye wuta, ta zo da matan duka.

Suka zo su uku, zani ɗaure a ƙugu, suna ƙamshin shinkafa da hayaƙi, a zatonsu abincin sadaka za a ɗora. Da suka ji aikin, Saliha, wadda ta fi su ƙuruciya, ta ce ta tuna ta bar 'yarta a gida ba kowa. Ummukulsum ta tuna mata cewa 'yar tana aji uku a sakandare. Sannan ita kanta Ummukulsum ta juya ta ce, "Yaya Zuliha, duk zamanmu na taɓa cin amanarki? Me na yi miki?" Kubra na nan, ta zama ta huɗu. Ta biyar Allah ne ya kawo ta: Hawwa, Bafulatanar da ke kawo nono daga rugar bayan kanal, ta yi sallama da ƙwarya a ka. Da aka yi mata bayani ta sauke ƙwaryar a inuwa, ta gyara mata faifai, ta tambaya ko yana da ƙaho. Aka ce babu. Ko yana harbi? Aka ce ba shi da ƙafa. Ta ce to ita ba ta ga abin taro ba, ta sha riƙe bijimi ana yi masa allura.

Likita ta ce saura mutum ɗaya, a wutsiya, kuma nan aikin yake, domin dole a riƙe ta a miƙe kada ta motsa. Kowa ya kalli ƙasa. Zuliha ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, ta ce, "Ai ni ce mai gayya."

Likita ce ta shiga ɗakin, da wata sanda mai lanƙwasa a baki. Ta ɗan shafe shi da ita don ya san ba abinci ne ya zo ba, ta lallaɓa ta zura kansa cikin wata jakar yadi mai laushi, ta miƙa wa Hawwa wuyan, ta nuna mata yadda za ta riƙe ba shaƙewa. Daga nan aka riƙa jawo shi waje kamar ana warware igiyar rijiya, kowace mace ta karɓi rabonta ta rungume a ƙugu. Ya fito rana karo na farko cikin watanni, sheƙin nan ya bi jikinsa daga wuya har wutsiya. Saliha, ido a rufe, tana karanta duk addu'ar da ta sani, har da ta shiga kasuwa. Ummukulsum, wadda ƙarshen ciki ya faɗo a rabonta, ta ce ya fi jiƙaƙƙen buhun shanshera nauyi, kuma shi buhu ba ya numfashi a jikin mutum.

Zuliha ta ce abin da ya ba ta mamaki shi ne rashin yauƙi. Duk shekarun nan tana zaton jikinsa kamar kuɓewa yake. Sai ta ji shi a bushe, sumul, da sanyi irin na randa da safe, ƙarfi na tafiya a ƙarƙashin fatar kamar ruwa a cikin tiyo. Wutsiyar ta naɗe mata hannu sau ɗaya, ba matsewa, kamar yadda jariri ke kama yatsa. Ta ce ba ta saki ba ne kawai don ta rasa wanda za ta miƙa wa.

Kubra ce ta nuna wa likita ƙaimin, da alfahari, ta ce ga shaidar da Baba ya gani. Likita ta yi murmushi ta ce Allah ya jiƙan Baba, idonsa ya gani daidai, sai dai a wurin mesa namiji da mace duk suna da shi. Na namiji yakan fi girma, amma ba abin rantsuwa ba ne. Haka girman jiki: a irinsu mace ta fi girma, namiji kuma gindin wutsiyarsa ya fi kauri, amma duk wannan hasashe ne. Ta buɗe wani ɗan akwati ta zaro tsinken ƙarfe siriri mai dunƙulallen baki, ta goge shi, ta shafa masa wani mai. Ta ce a cikin wutsiyar namiji akwai aljihu biyu masu zurfi inda mazantakarsa ke ɓoye. Idan aka zura tsinken ta ƙofar da ke gindin wutsiya aka nufi ƙarshenta, a namiji zai shige can ciki. A mace, da ya ɗan shiga zai tsaya. Ba a turawa da ƙarfi, kuma wanda bai koya ba kada ya gwada, domin ana iya huda dabba.

Kafin ta fara, Ɗan Ikko ya bayyana ra'ayinsa. Ya saki duk abin da ya tara a ciki, da wani wari wanda har yau ba a samo masa suna ba, kuma Ummukulsum ce ta sami kaso mafi tsoka. Daga zaure Dattijo ya ji hayaniya, ya tambaya ko lafiya. Hawwa ta amsa masa cewa lafiya lau, in yana shakka ya shigo ya gani. Bai sake tambaya ba.

Likita ta durƙusa. Ta zura tsinken a hankali, tana murza shi tsakanin yatsu. Ya ɗan shiga, ya tsaya. Ta kama daidai inda ya tsaya da babban yatsa, ta zaro, ta ɗora shi a kan layukan ƙarƙashin wutsiya: bai rufe wani abin kirki ba. Ta gwada ɗaya gefen. Haka nan. Ta ɗago ta dubi Zuliha, kuma Zuliha ta gane kafin a faɗa.

"Mama, mace ce."

Aka mayar da ita ɗaki, aka rufe, aka zauna a tabarma ana wanke hannu. Hawwa ta ce ita dama ta yi zargi, domin da namiji ne ya ga mata shida sun taru a kansa, da ya cika gidan da fankama. Saliha ta tambaya in mace ce ina ƙwan duk shekarun nan. Likita ta ce ba kaza ba ce, ba lallai ta saka ba in babu namiji. Sannan ta kira Alhaji a waya, ta koma gefe, ta daɗe tana roƙo. Ya ce a yi haƙuri, mata biyun ma da ƙyar yake riƙe su, ba shi da ɗakin ta uku. Ummukulsum, sanye da aron zani, ta matso ta rage murya ta ce ai da likita ba ta yi saurin kira ba. Wa zai sani? Alhaji ne zai birkice ta ya duba? Likita ta yi dariya ta ce zai sani ranar da ya gaji da jiran ƙwai, kuma ita za a tambaya. Zuliha ta ce ko da ba zai taɓa sani ba, ba za ta fitar da amanar mamaci da ƙarya ba.

Da labari ya isa zaure, maza suka fi jimamin ƙaimin a kan mesar. Wani tsoho ya ce in dai haka ne, to shi ya daina yarda da komai. Dattijo ya ce, ba da jin daɗi ba, maganarsa tana nan: ranar fita takaba.

Makonnin da suka rage, a kan benci Zuliha ta yi su. Kubra ta yi ta buga waya, babu mai so, masu so kuma fatar suke so. Wata yamma Ummukulsum ta zo kawo bayanin fili, ta yi ƙorafin cewa ɗakin ajiyar nan na kusurwa ya zama na ɓeraye, gara a kwashe buhunan a mayar rumfa inda ido ke gani. Zuliha ta zuba mata ido har Ummukulsum ta tsargu.

"A'a, Yaya Zuliha. Kada ma ki faɗa."

"Yaya cewa ya yi ta bar gidan nan. Bai ce ta bar duniya ba. Fili kuwa nawa ne."

"Fili naki ne, amma ƙafafun da ke yawo a cikinsa namu ne."

"Kun riƙe ta da hannunku. Wa ta ci?"

"Ta ci min zani."

Aka kwana biyu ana ja. Matan suka kafa nasu sharuɗɗan, kuma da Zuliha ta ji su sai da ta yi dariya karo na farko tun rasuwar, domin ta san su farin sani: ba za su taɓa ba, ba za su ciyar ba, ba za su share ba. Mai unguwa ya ce a sa ƙofar ƙarfe da kwaɗo biyu, a rufe sama da waya mai kauri, kuma likita ta duba ginin kafin a kai ta. Direbobin nan suka ce fili ba gidan takaba ba ne, wankin ɗaki nasu ne kamar da. Mijin Kubra ya kawo magini aka yi kwami. Dattijo, da aka kai masa maganar, ya auna nisan filin da gidansa da ido, ya tuna akwai kanal a tsakani, ransa ya kwanta, sai wani mai tsokana ya gaya masa mesa ba ta tsoron ruwa. Ya ce duk da haka ya yarda, in dai shi zai zaɓi kwaɗon. Ya je Kura da kansa ya sayo masu girman tafin hannu.

Ranar fita takaba Zuliha ta yi wanka, ta sa sabuwar atamfar da Kubra ta kawo mata, aka dafa shinkafa aka toya waina. Majemin ma ya zo, domin Dattijo ya manta bai sallame shi ba. Ya iso da buhu da gishiri a bayan babur, aka zaunar da shi a zaure aka ajiye masa kwano.

An shirya ganga a kan amalanke, amma mesar ta ƙi shiga. Duk lanƙwasar da aka cusa sai wata ta fito. Direbobin kuwa suna hanyar Ikko, domin tumatir bai san takaba ba. Likita, wadda ta zo duba gini da cin waina, ta ce tunda filin ba nisa, a ɗauke ta yadda aka saba. Matan da suka rantse ba za su ƙara taɓawa ba suka dubi juna. Ummukulsum ta aika gida a kawo mata tsohon zani, ta kuma ce wannan karon ita a tsakiya take, kowa ta ji.

Wannan kam na gani da idona. Suka fito ta zaure a jere, Hawwa a gaba da kan a cikin jaka, likita a gefenta, Zuliha a baya cikin sabuwar atamfa, wutsiya naɗe a hannu. Mazan da ke zaure suka ba da hanya fiye da yadda ake bukata. Majemi ya bi fatar da kallo har ta wuce, loma a hannu, ya ce bai taɓa ganin irinta ba, sannan ya koma kan kwanonsa. Suka bi ta gefen gonar albasa, suka hau 'yar gadar kanal, inuwarsu na tafiya a ruwa kamar wata halitta ɗaya mai ƙafafu da yawa. Masu ban ruwa suka ajiye fartanya. Belbela ta tashi ta bar musu hanya. Matar da ta yi watanni ba ta taka ƙofar gida ba, wannan ce fitarta ta farko.

Aka sa mesar a sabon ɗaki. Ta zagaye shi tana zaro harshe, ta gangara cikin kwami ta nutse, hanci kawai a waje. Dattijo ya miƙo kwaɗunan daga nesa. Saliha ta ce yanzu sai a canja suna, tunda gaskiya ta fito. Zuliha ta ce wanda ya raɗa ba ya nan balle a nemi izininsa. Ɗan Ikko take, Ɗan Ikko za ta zauna.

Tana nan har yau, ta ƙara ƙiba. Matan sun ɗana tarkuna a bayan rumfa, gafiyoyin filin sun san inda tafiyarsu ke ƙarewa, kaza kuma ba ta yankewa daga hannun Zuliha. Kwanan baya na bi ta can, na tarar tana juya shinkafa a tamfol, na tambaye ta ko yanzu ta fara son mesar. Ba ta ɗago ba. Ta ce so kuma? Abu ne dai mai rai, kuma a hannunta yake. Sannan ta ce in surutu zan tsaya yi, in matsa can, inuwata na hana shanyarta bushewa.